Saiwar hops ta Cascade a ƙasar zafi: ta cancanci kuɗinta, in an haɗa mata da fitila

Abin da ke zuwa a cikin fakitin ba shi da wani kwarjini. Guntun saiwa ce mai launin ƙasa, tsawonta santimita 10 zuwa 15, kaurinta kamar na ɗan yatsa, an naɗe ta da jiƙaƙƙiyar takarda ko dusar katako a cikin leda. A jikinta akwai idanu biyu ko uku, farare ko masu ɗan ja-ja, irin na dankalin Turawa da ya fara tsiro. Saiwa mai kyau tana da tauri in an matsa ta, kuma in aka kankare fatarta da farce cikinta fari ne. Wadda ta yi laushi, ko take warin ruɓa, ko idanunta suka yi baƙi, ta mutu tun a hanya, ba ruwan da zai tashe ta.

Wannan ita ce saiwar Cascade, nau'in hops da masu sayarwa a intanet suka fi tallatawa ga mazauna wurare masu zafi, suna cewa yana jure rana. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Rabin da suka bari shi ne ke sa mutum ya yi wata huɗu yana ban ruwa ya tashi da furen da bai cika tafin hannu ba.

Hops tsiro ne mai yaɗo, sunansa na kimiyya Humulus lupulus. Yana da mace da namiji daban, kuma macen ce kaɗai ake nomawa saboda ƙullin furenta, wanda ya yi kama da 'yar mitsitsiyar abarba mai kore. A ƙarƙashin ɓawon ƙullin akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lufulin, a nan ɗaci da ƙamshin suke. Mafi yawan hops ɗin duniya masana'antun giya ke saye, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ana sa shi a wasu lemukan malt marasa barasa, a Jamus an daɗe ana sayar da busasshen furen a matsayin shayin kwantar da hankali da kawo barci, wasu na cusa shi a matashin kai, wasu kuma inuwar kawai suke so a jikin katanga. Dangin wiwi ne a rabe-raben masana tsirrai, sai dai ba ya ɗauke da sinadarin da ke bugarwa a wiwi.

Cascade kuwa a Amurka aka samar da shi, a shirin kiwon irin hops na ma'aikatar gona ta ƙasar da ke Jami'ar Jihar Oregon, aka fitar da shi a 1972. Asalinsa daga tsatson tsohon nau'in Ingila ne mai suna Fuggle. Sinadarin ɗacinsa, wanda ake kira alfa asid, yana tsakanin kashi 4.5 zuwa 7 cikin ɗari, ƙamshinsa kuma na ɓawon lemun tsami ne da furanni. Ba na wani kamfani ba ne, kowa na iya shukawa ya raba saiwarsa, shi ya sa yake da araha, daloli kaɗan ne guda ɗaya kafin kuɗin aikowa.

Ta fuskar zafi, ba mu da abin zargi a kansa. Kwarin Yakima a Jihar Washington, inda ake noma mafi yawan hops ɗin Amurka, busasshen wuri ne da ake ban ruwa, kuma zafin rana yakan wuce digiri 35 a lokacin da tsiron ke kan ganiyarsa. Ganyen Cascade yana ci gaba da aiki a irin wannan zafi muddin saiwa na samun ruwa. Nau'o'in Turai kamar Saaz na ƙasar Cek da Hallertauer na Jamus su ne ke langaɓewa, ganye ya ƙone ta gefe, tsiro ya tsaya cak. Wanda ke zaune a wuri mai zafi kada ma ya ɓata kuɗinsa a kansu.

Matsalar tana a tsawon yini. Hops yana auna lokacin fure ne da yawan awoyin haske. Muddin yini ya kai awa 15 zuwa 16, sai ya yi ta miƙa, yana hawa, yana fitar da rassan gefe. Da yini ya fara gajarta, sai ya daina tsawo ya koma fure. Shi ya sa gonakinsa na asali duk suna tsakanin digiri 35 zuwa 55 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita): Hallertau a Jamus, Yakima, yankin Kent na Ingila, Tasmaniya ta Ostareliya. A Hallertau yini yana kai awa 16 a watan Yuni. A kudancin Jihar Florida ta Amurka bai cika awa 14 ba. A Kano, da ke digiri 12, yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya ɗan haura 11. Yamai da Damagaram kusan haka suke. Ga hops, wannan yana nufin kullum kaka ce. Yana fitowa daga ƙasa, ya hau tsawon mutum ko ƙasa da haka, sai ya ga lokaci ya ƙure, ya yi fure. Kuma yawancin furen a kan rassan gefe yake fita, waɗanda ba su samu lokacin tsirowa ba. Mai shuka sai ya ɗora laifin a kan rana ko taki, ya ƙara ruwa, ya ƙara yuriya, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Jos da tsaunin Mambila sun fi sanyi, tsiron zai fi jin daɗin darensu, amma yininsu bai fi na Kano tsawo ba, ya ma ɗan gaza. Tudu yana maganin zafi ne kawai.

An riga an san maganin abin. A yankin George na Afirka ta Kudu, wanda ke digiri 34 kudu, manoman hops sun yi shekaru suna kunna fitilu a gona kafin a samar da nau'o'in da suka dace da gajeren yini, irin su Southern Star da African Queen. Waɗannan da sun fi dacewa da ƙasashe masu zafi, sai dai na kamfani ne, ba a sayar da saiwarsu a kasuwa kamar Cascade. A Jami'ar Florida, cibiyar bincike da ke kusa da Tampa ta gwada nau'o'i da dama a ƙarƙashin fitilun LED da ke ƙara wa yini tsawo, Cascade na cikin waɗanda suka fi yin kyau, har ana girbi sau biyu a shekara. Binciken William Bauerle na Jami'ar Jihar Colorado a 2019 kuma ya nuna cewa ba dole ba ne tsiron ya sha sanyin hunturun Turai kafin ya yi fure, tsawon haske ne ke juya shi. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda garinsa bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Don haka kayan da ake buƙata ba saiwa kaɗai ba ce. Ana buƙatar ƙwan LED fari na wat 9 zuwa 12, da abin kunna wuta mai agogo, da wutar da ba ta yankewa. Hasken ba don ciyar da ganye ba ne, don a ruɗi tsiron ne ya ɗauka rana ba ta faɗi ba, shi ya sa ƙaramin ƙwai ya isa. A rataye shi a saman igiya, ko a tsakiyar tsawonta a gefe, yadda kan tsiron ba zai yi nisan da ya wuce mita 2 zuwa 3 daga hasken ba. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar tsiro biyu ko uku da ke kusa da juna. A kunna kafin magariba, wajen ƙarfe 6, a kashe ƙarfe 11 na dare, jimillar haske ta zama awa 16 zuwa 17. Ƙwan wat 10 na awa 5 ba ya cin abin a zo a gani, ƙaramin batirin sola zai riƙe shi, kuma shi muka fi ba da shawara. Dogaro da wutar gari haɗari ne: in aka ɗauke wuta dare da yawa a jere, tsiron zai fara shirin fure, kuma in ya fara da wuya ya koma baya yadda ake so. Fitilar sola ta kan titi mai dusashewa sai an gitta ta gabanta ba ta dace ba, don haskenta ba ya tsayawa. Akwai kuma kuskuren da ke ta ɗaya ɓangaren. In aka dasa shi ƙarƙashin fitilar tsaro da ke kwana a kunne, zai yi ta ganye kore shar, ya cika katanga, fure ko ɗaya babu. Dole ya zama wurin da za a iya mayar da shi duhu sosai idan lokaci ya yi.

Lokacin sayarwa ma yana da tasa matsalar. A Amurka da Turai ana haƙo saiwa ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, wato tana isowa arewacin Najeriya ko kudancin Nijar a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Saiwar da ta yi mako uku a ɗakin ajiyar kaya a wannan yanayi ba ta da tabbas. A nemi aikowa mai sauri, kuma a san cewa shigo da tsiro mai rai Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Da ta iso, kada a dasa. A bar ta cikin ledarta da ɗan danshi, a sa a ɓangaren kayan miya na firiji, digiri 2 zuwa 5, ba a wurin ƙanƙara ba. Tana iya jira wata biyu har damina ta zauna a Yuni. A riƙa dubawa duk mako, in fumfuna ta fito a goge a sauya takardar. A sayi biyu ko uku, ba ɗaya ba, don ko a ƙasashen da ake nomansa ba kowace saiwa ke tashi ba.

Masu tallar ƙwayar irin hops kuma a rabu da su. Iri ba ya fitar da irin uwarsa, kusan rabinsa maza ne marasa amfani, kuma wani lokaci na hops ɗin Japan ne na ado, wanda furensa ba shi da lufulin ɗin kirki.

Wajen dasawa, mun fi son tukunya a kan ƙasa kai tsaye, musamman inda aka taɓa noma tumatir ko kuɓewa. Tsutsar nan da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulle-ƙulle tana kama hops, kuma ta fi yawa a ƙasa mai rairayi da zafi. Tukunyar ta ɗauki aƙalla lita 60 zuwa 75. Rabin durom da aka huda gindinsa ya yi, tsohuwar randa da aka fasa mata ƙofa a ƙasa ta fi, don tana sanyaya saiwa. Baƙar roba a rana tana dafa saiwar, in ita ce kaɗai ake da ita a shafa mata farin fenti ko a naɗe ta da buhun algarara. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin gida, kashi ɗaya rairayi mai tsakuwa ko ƙonannen buntun shinkafa. Ma'aunin tsamin ƙasar (pH) ya zauna tsakanin 6 zuwa 7. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona idanun, kada a kusance shi. A kwantar da saiwar, idanu na kallon sama, a rufe da ƙasa santimita 5. A jiƙa sau ɗaya, sannan a riƙe hannu. Kafin ganye ya fito saiwar ba ta shan ruwa, kuma ruwan da ya kwanta a kanta shi ke ruɓar da ita. Wannan ne ya fi kashe sabuwar shuka a damina, don haka a ɗora tukunyar a kan bulo ruwa ya riƙa fita. Tsiro yakan leƙo cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma daga ranar da ya leƙo ake fara kunna fitila.

Wurin da ya fi shi ne gabashin gida, inda zai samu rana daga safe zuwa azahar, awa 6 ko fiye, katanga ta tare masa ranar la'asar. Jikin katangar yamma da ta sha rana, ko kusa da rufin kwano, yana gasa ganye.

Manyan gonaki suna ɗaga igiya mita 5 zuwa 6. A gida mita 3 zuwa 4 ya wadatar, da gora mai ƙarfi ko bututun ƙarfe. Igiyar ta zama mai kaushi, ta rama ko ta ɓawon kwakwa, domin hops ba shi da 'yan hannuwan kamawa irin na kabewa, jikinsa ne ke da ƙananan ƙugiyoyi da yake maƙalewa da su, a kan igiyar roba mai santsi zamewa yake. Idan tsiron ya kai santimita 40 zuwa 50, a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a naɗa su a igiya yadda hannun agogo ke juyawa in an kalla daga sama. In aka naɗa ta ɗaya hannun, zai warware kansa. A shekarar farko a bar sauran tsiron su yi ganye don saiwa ta yi ƙiba, daga ta biyu a riƙa yanke su. A sa riga mai dogon hannu, ƙugiyoyin suna barin jan tabo mai ƙaiƙayi a fata.

Da ya kama igiya, yana da ci da sha. A lokacin ganiya yana iya ƙara santimita 20 zuwa 30 a yini guda. Tsiron da ya cika ganye a tukunya yana shan lita 5 zuwa 10 a ranar da babu ruwan sama, a raba safe da yamma, a zuba a gindi ba a kan ganye ba. Taki: rabin ƙaramin gwangwanin tumatir na NPK 15-15-15 idan ya fara hawa, a nesa da kara, sannan cokali ɗaya na yuriya a narke cikin ruwa duk mako biyu. Ranar da aka kashe fitila a daina yuriya, in ba haka ba sai ganye ya rinjayi fure, ƙamshin kuma ya yi rauni. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, amma a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Ana kashe fitilar ne idan kan tsiron ya kai ƙarshen igiya kuma rassan gefe sun fito, galibi mako 8 zuwa 10 bayan tsirowa. Bayan mako biyu zuwa uku sai a ga 'yan tsukun fure masu gashi-gashi, su ne ke zama ƙulli, su nuna bayan wasu makonni 5 zuwa 7.

Abokin gaba na farko a busasshen zafi shi ne jan gizon nan ɗan mitsitsi da masu tumatir da gauta suka sani. Yana zama a bayan ganye. Alamar farko ɗigo-ɗigon fari ne a saman ganyen, kamar an yayyafa gari, daga baya ganyen ya koma launin tagulla, saƙa ta bayyana. In aka karkaɗa ganye a kan farar takarda aka ga ƙura na tafiya, shi ne. Ƙura da iskar hunturu suna taimaka masa ƙwarai. A riƙa fesa ruwa da ƙarfi a bayan ganye da sassafe sau biyu ko uku a mako, a cire ganyen mita ɗaya na ƙasa idan tsiron ya yi tsawo. Ruwan darbejiya da ɗan sabulu yana rage shi, a fesa da yamma, amma a daina da zarar fure ya fito don ɗanɗanonsa yana zama a ƙullin. Maganin ƙwari na gama-gari yakan ƙara ɓata lamarin, yana kashe ƙwarin da ke cin gizon ya bar gizon. A damina kuma fumfuna ce ke damu: sabon tsiro ya fito gajere, ganye a naɗe, bayansa da toka-toka mai duhu. A yanke shi daga tushe a ƙona, a bar iska na ratsawa.

Saboda wannan ne muke ganin zagaye na biyu, wato noman rani bayan girbin damina, ya fi na farko a yankin Sahel. Na damina na kafa saiwa ne, kada a sa masa rai da yawa. Bayan girbi a yanke kara a bar santimita 5, a rage ruwa mako biyu zuwa uku, a zuba sabon taki, a sake kunna fitila wajen ƙarshen Oktoba. Sanyin daren Disamba da Janairu yana taimakon ƙamshi, a girbe a Fabrairu kafin zafi ya sauko. Furen da ya nuna a tsakiyar bazara ƙanana ne, ɗacinsu da ƙamshinsu sun ragu. A Afrilu da Mayu gara a ja tukunyar inuwa a bar tsiron ya huta da ɗan danshi. In bayan zagaye uku ko huɗu tsiron ya fara fitowa siriri, a tono kan saiwar, a wanke, a raba, a ba ta mako 6 a firiji kafin a mayar da ita sabuwar ƙasa.

Ƙullin da ya nuna ba shi da nauyi, yana ƙarar takarda in an matsa shi kusa da kunne, ya koma yadda yake in an saki. In aka tsaga shi, garin ciki rawaya ne mai duhu kamar kwaiduwa, yana manne wa yatsa. Wanda bai nuna ba yana da sanyi da laushi da warin ɗanyar ciyawa. Wanda ya wuce ya yi ruwan ƙasa, yana warin albasa ko tafarnuwa. A shanya a inuwa, ba a rana ba, a kan raga ko faifai, kaurin bai wuce santimita 5 ba, ana juyawa a hankali don kada garin ya zube. A iskar hunturu kwana biyu zuwa uku ya isa, a rufe da yadi mara kauri saboda ƙura. A damina sai da fanka. Ya bushe idan ɗan karan tsakiyar ƙullin ya karye maimakon ya lanƙwashe, kuma kilo ɗaya na ɗanye ya koma giram 230 zuwa 250. A matse iska daga leda mai kauri a sa a wurin ƙanƙara. In aka bar shi a kwano a ɗaki mai zafi, cikin 'yan makonni zai koma warin tsohon cuku.

A ƙasashen da ya saba, tsiron da ya yi shekara uku yana ba da rabin kilo zuwa kilo ɗaya na busasshe. A tukunya a ƙasar zafi kada a sa ran kaiwa nan, ko da fitila, musamman a shekarar farko. Ga mai shayi kuwa ko kaɗan ɗin ya isa, tunda ƙulli biyu ko uku ne a kofi ɗaya na ruwan zafi na minti 10, kuma yana da ɗaci ƙwarai, sai da zuma. Mai juna biyu da mai shan maganin barci su tambayi likita tukuna. Gidan da ke da kare a kiyaye sosai, hops guba ne gare shi, ɗanye ko wanda aka riga aka dafa, yana sa zafin jikinsa ya hau har ya kashe shi.

In za a ƙara da wani nau'i kusa da Cascade, Chinook da Nugget suna da ƙarfin jiki a zafi, amma ɗacinsu ya ninka nasa, ba su dace da shayi ba. Akwai kuma dangin da asalinsu daga duwatsun Jihar New Mexico ta Amurka ne, kamar Neo1 da Multihead, waɗanda suka saba da fari da rana mai ƙarfi. Sun fi wuyar samu, ba sa son ƙasa mai riƙe ruwa ko kaɗan, kuma su ma yinin awa 12 ya yi musu kaɗan. Ga mai farawa, saiwar Cascade biyu ko uku, randa, igiyar rama, ƙwai ɗaya da batirin sola su ne sayayyar da muke goyon baya. Wanda ba zai iya tabbatar da hasken awa biyar kowane dare na wata biyu ba, ya bar kuɗinsa a aljihu.